Bakin Tambulan

A gidan Kaka Ottmar, idan bazara ta kankama, tambulan ɗaya ake kawowa tebur komai yawan mutane. Babba ne, yana cin rabin lita, jikinsa duk 'yan lotse-lotse ne yadda ba zai suɓuce wa mai maiƙo a hannu ba. Sai a cika shi da farar giyar inabi mai sanyi har kusa da wuya, a ɗan tsiyaya ruwan soda a kai, daga nan ya kama yawo. Ka kurɓa ka miƙa wa na damanka, shi ma ya kurɓa ya miƙa gaba, wanda ya shanye shi zai tashi ya sake haɗawa. Haka ake yi a kowane gida a ƙauyen, haka ake yi a wurin biki, ko da na kusa da kai ba ka taɓa ganinsa ba. Luzia ta tashi ta tarar ana yi, kuma ba ta taɓa tsayawa ta kalli abin ba sai ranar Lahadin da ta zo gida da Jasper.

Luzia jikar Ottmar ce. Tun da iyayenta suka rabu kowa ya kama gabansa, a hannunsa ta girma, shi da 'yarsa Traudel wadda ba ta yi aure ba. Yarinya ce mai tsoron idon mutane. Da ta ji motsin baƙi a ƙofa sai ta sunkuci littafi ta shige bayan gangunan giya a ɗakin ƙasa, ta zauna cikin sanyi da warin tsami har sai sun tafi. Saboda haka Kaka ya laƙaba mata Farfesa tun ba ta iya ɗaure igiyar takalmi ba, sunan kuma ya bi ta har jami'ar Heidelberg. A nan ta haɗu da Jasper, ɗan Bremen, can arewa inda inabi ba ya nuna. Sau ɗaya ta taɓa cin abinci a gidansu. Kowa da jerin kofuna a gabansa, kowa da adikonsa na goge baki a naɗe cikin zoben azurfa. Ta tashi daga teburin nan ba ta san ɗanɗanon abin da ta ci ba.

Shi ya sa tun a jirgin ƙasa take ta tunanin gidansu. Tana tuna ledar teburinsu mai ƙunar sigari, tana tuna yadda Gwaggo Traudel ke ƙyalƙyala dariya da abinci a baki. Amma abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne bakin Kaka. A watan Janairu ya yanke jiki ya faɗi a gona yana datse rassan inabi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙafa ta dawo, hannu ya dawo sai 'yar rawa da ba ta barinsa, amma gefen bakinsa ya ƙi komawa daidai. In ya sha abu sai kaɗan ya silalo ta nan, shi kuma ba ya ji. Tun daga lokacin yake yawo da wani ƙaton hankici mai shuɗin layi a aljihun riga.

An kafa tebur a tsakar gida, ƙarƙashin ɓaure. Ga dafaffen dankali da farin cuku mai albasa, ga baƙin burodi da niƙaƙƙiyar hanta ta shafawa. Egon maƙwabcinsu ma ya zo, abokin Kaka tun na ƙuruciya, wanda ya karɓi gonar Kaka ta kan tudu yana nomawa tun da ciwon ya faru. Kaka yana kujerarsa ta kullum, Luzia a damansa, Jasper a damanta.

"To, ɗan arewa," in ji Egon, "ku a garinku me kuke sha in zafi ya dame ku? Ruwan teku?"

"Shayi," in ji Jasper yana murmushi.

"Shayi! Ottmar, ka ji wanda jikarka ta kwaso mana? Shayi a watan Yuli!"

"Rabu da shi, yaro," in ji Kaka. Maganarsa a hankali take fita yanzu, kamar mai tauna kowace kalma kafin ya sake ta. "Wannan tsohon tun da aka yaye shi bai ƙara shan abin da ba ya bugarwa ba. Traudel, ina tambulan?"

Gwaggo ta kawo shi ta cika, tana fara tsiyaya soda Egon ya daka tsawa, "Ya isa! Ke so kike ki nutsar da mu?" Aka yi dariya, har da Jasper, kuma Luzia ta ji ƙirjinta ya ɗan saki. Ashe abin zai tafi lafiya.

Kaka ne ya fara, shi ne maigida. Ya riƙe tambulan da hannu biyu ya yi kurɓa mai tsawo, ya sauke da ajiyar zuciya, ya juyo gare ta.

"Ungo, Farfesa."

Ta karɓa. Rana ta ratso ganyen ɓaure ta faɗo daidai kan bakin tambulan, sai ta ga wurin da leɓensa ya taɓa. Ya jiƙe, yawu ya ɗan ja zare, ga wani ɗan gutsuren burodi a manne. Ba wani abu ba ne babba. Amma ta tuna zoben azurfa, ta ji Jasper a gefenta yana jira, kuma kafin tunaninta ya kai ko'ina hannunta ya riga ya ɗauki takardar goge baki. Ta zagaye bakin tambulan da ita. Ta sake zagayewa, a tsanake, kamar mai wanke kwanon mara lafiya. Ba ta ma sha ba. Ta miƙa wa Jasper.

Egon yana tsakiyar labarin rinar da ta taɓa harbinsa a harshe, sai ya tsaya cak. Gwaggo ta ajiye cokali. Luzia ta ɗago ta ga idon Kaka a kan takardar da ta cukuikuye kusa da farantinta. Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya zaro hankicinsa ya goge gefen bakinsa, ya goge haɓa, ya duba hankicin, ya ninke ya mayar.

"Traudel," ya ce, "miƙo min gishiri."

Da tambulan ya zagayo kansa karo na biyu sai ya ɗaga hannu. "Na ƙoshi. Ku ci gaba."

Da yamma ta raka Jasper tasha. Sun yi nisa, sai can ya ce, "Luzia, me ya sa kika goge?"

"Saboda kai."

"Ni? Ni da na sha abina. Tun da na zo yankin nan ban ga abin da ya burge ni kamar tambulan ɗin nan ba." Ya juyo ya dube ta. "Kakanki mutumin kirki ne."

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Jirgi ya tashi da shi, ta tsaya ita kaɗai kunnuwanta na zafi kamar an goga barkono. Ashe ba don kowa ta yi ba. Ba wanda ya roƙe ta, ba wanda ya ji ƙyama sai ita.

Washegari da aka zauna cin abinci, ta tarar da wani ɗan ƙaramin kofi a gaban Kaka. Ta gane shi nan take. Kofin da take shan madara ne tana yarinya, mai hoton agwagwa da ya koɗe, shi da kansa ya hau kujera ya lalubo shi a ƙuryar kabad. Gwaggo ta haɗa tambulan, ya tura mata kofin ta ɗiba masa kaɗan, babban kuma ya tsallake shi ya wuce.

"Baba, mene ne haka kuma?" in ji Gwaggo.

"Likita ya ce in rage. A wannan na fi ganin abin da na sha."

Kowa ya san ƙarya ce, don sau huɗu ko biyar ake cika masa agwagwar. Haka aka ci gaba, mako ya bi mako. Bikin ƙauye ya zo, aka jera tebura a kan titi, 'yan badujala suna busa, tambulan yana yawo daga hannu zuwa hannu, Kaka ya ce ƙafarsa na ciwo ya zauna a gida, shi da ko shekarar da matarsa ta rasu bai fasa zuwa ba. Bai yi fushi da Luzia ba, bai daina yi mata magana ba. Yana tambayarta ko ta yi barci lafiya, yana yi mata godiya in ta kawo masa jarida. Sai dai Luzia yake ce mata yanzu. Sunanta ne, ba ta da abin cewa, amma duk sanda ya faɗa sai ta ji kamar wata baƙuwa yake kira da ta zo hutu.

Ta yi niyyar ba shi haƙuri. Ta kwana biyu tana tsara maganar a kanta, ta gyara, ta sake gyarawa, har ta yi kyau kamar a littafi. Da safe ta same shi a bayan gida yana ɗaure tumatir.

"Kaka, game da ranar nan da Jasper ya zo..."

"Yaron kirki. Ya isa lafiya?"

"Lafiya lau. Kaka, abin da na yi da tambulan..."

"Me kika yi? Tsafta kika yi. Tsafta laifi ce?" Bai ɗago ba. "Riƙe min igiyar nan."

Ta riƙe igiya.

A ƙarshen watan Agusta zai cika shekara tamanin. Luzia ta ce a ranta, abin da baki ya kasa, bari kyauta ta faɗa. Ta hau bas zuwa garin Landau, ta shiga wani shagon giya mai sanyin na'ura, inda kwalabe ke kwance a kan katako kamar jarirai. Mai shagon ta yi ta bayani a kan ƙasa da dutse da shekarar da aka yi ruwa kaɗan, Luzia tana gyaɗa kai, don ta karanta duk wannan kafin ta zo, kuma tsoro ya hana ta cewa a'a. Ta fito da jar giya 'yar Faransa, mai tsada, a cikin akwatin katako mai ɗan ƙugiya.

Ta tarar da Gwaggo a kicin tana gyaran wake. Ta buɗe mata akwatin a hankali. Gwaggo ta goge hannu a gaban riga, ta karanta takardar jikin kwalbar, ta saki fito.

"Iye! Wa ya mutu ya bar miki gado?"

"Ta Kaka ce. Ta ranar haihuwarsa."

"Ta Baba?" Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa. "Ke dai karatun nan bai bar miki wurin ajiye hankali ba. Ja, mai nauyi, a wannan zafin da kare ma ke neman inuwa? Kuma ki kawo wa mutumin da ya shekara sittin yana matsar inabi giyar wasu?"

"Mai shagon ta ce babu irinta."

"Ban musa ba. To faɗa min, da me za a sha ta?"

Gwaggo ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Za ki zuba mata soda? Za ki juye ta a tambulan Egon ya kwankwaɗa kamar rijiya? Irin wannan, 'yar nan, kofuna masu dogon wuya ake fitowa da su, a ɗiga wa kowa nasa, kowa ya shinshina abinsa shi kaɗai. Kowa da nasa. Abin da kike so ki gaya masa ke nan? Ai ya riga ya ji, tun ranar nan ya ji."

Luzia ta zauna a kan kujera. Ta ga abin ƙarara, kamar yana faruwa a gabanta. Kaka zai buɗe akwatin, ya ce an gode, an yi ɗawainiya, ya ɗora shi a saman kabad inda ake ajiye kyautar mutanen da ba a saba da su ba.

"To me zan ba shi, Gwaggo?"

"Ni na goge? Ke kika goge." Ta ja kwanon wake gabanta. Can ta ɗan sassauta murya. "Je ki wurin Egon. Wannan kuma bar min ita, na zuba a naman Kirsimeti."

Zuwa gidan Egon taku kaɗan ne, amma sai da ta wuce ƙofar sau biyu kafin ta iya shiga. Yana ɗakin ƙasa da dogon takalmin roba yana wanke ganga da tiyo. Ya gan ta sarai, ya ci gaba da aikinsa har sai da ta gaishe shi karo na biyu.

"A'a, 'yan birni ne a gidanmu? Yi hankali, wurin ba tsafta."

"Kawu Egon, giya nake so. Ta kyauta. Ta Kaka."

"To. In haɗa miki da tsumma, ko kin zo da naki?"

Ta sunkuyar da kai. Ruwan tiyo yana bin ƙasa yana jiƙa mata takalmi, ba ta matsa ba. Ta ji hawaye na tahowa, ta cije leɓe, don ta san in ta yi kuka a nan zai zama kamar ita aka yi wa laifi.

Egon ya kashe famfo. "Kin san tun muna 'yan shekara goma sha biyar nake shan yawun tsohon nan? Na sha shi da mura, na sha shi da tafarnuwa, na sha shi lokacin da yake taunar taba. Ga ni, ban mutu ba. Yanzu in tambulan ya zo hannuna bai bi ta wurinsa ba, sai in ji kamar ba a sa wa miya gishiri ba." Ya ja tsaki. "Wace iri kike so?"

"Wadda ba a iya sha sai a tambulan."

Ya dube ta da kyau, karo na farko tun shigowarta. Sannan ya juya ya shige can ƙurya, ta ji ƙarar kwalabe. Ya fito da wata koriyar kwalba ta lita guda, mai murfin murɗawa, ko takarda babu a jikinta. Irin wadda ake saye a kwali a ajiye bayan ƙofa, ba wanda zai ba wani ita kyauta sai in yana neman faɗa.

"Ta gonar tudu ce, ta bara. Inabin ƙarshe da ya tsinka da hannunsa. Tana ganga ciwon ya kama shi, ni na ƙarasa ta. Na ce masa na juye ta cikin tawa, don lokacin ko ruwa sai da cokali ake ba shi, ban ga amfanin sa masa rai ba. Da ya warke na rasa ta inda zan ɓullo masa." Ya dangwara mata kwalbar a hannu. "Ki sa a firiji tun daren jajibiri. In kika kawo ta da ɗumi, na rantse sai na kore ki daga ƙauyen nan."

Ranar ta zo da zafi mai nauyi, ko ganye ba ya motsi. Aka sake kafa tebur ƙarƙashin ɓaure, aka ƙara wani a gefe saboda maƙwabta. Gwaggo ba ta kawo takardar goge baki ba, ta ce ta ƙare, alhali Luzia ta ga sabon ƙunshi a kabad da safe. Kaka ya sa farar riga, ga agwagwarsa a gabansa. Ya karɓi safa, ya karɓi hular rana, ya karɓi kwalbar zuma, yana godiya.

Luzia ta fito daga kicin da kwalbar a rungume, sanyinta ya jiƙa mata gaban riga. Ba ta naɗe ta a komai ba. Wata maƙwabciya ta kalli kwalbar ta kalli mijinta. Duk jawabin da Luzia ta shirya ya gudu, ta tsaya kamar wadda aka kira gaban aji ba ta yi bita ba.

"Ta tudu ce," ta ce. "Ta bara. Wadda ka tsinka."

Kaka ya sa hannu ya taɓa kwalbar. Ya juya wurin Egon. "Kai ba ce min ka yi ka haɗe ta da taka ba?"

"In ɓata tawa da ruwan tsaminka? Allah Ya kiyaye."

"Tsohon maƙaryaci."

"Na ji. Buɗe mu gani ko ta shawu."

Kaka ya tura ɗan kofinsa gaba. "Ɗiga min kaɗan in ji, Luzia."

Ta sa hannu ta ɗauke kofin. "Wannan nawa ne, Kaka. Na madarata ne. Ina son abina." Ta kai shi bakin taga ta ajiye, ta dawo ta jawo tambulan. Giya ta zube a kan leda, wuyan kwalba yana ƙwanƙwasar gilashi. Ta ɗauki soda.

"Ya isa!" in ji Egon, tun ba ta kai ga zubawa ba. Wasu suka yi dariya, dariyar ta mutu da wuri.

Ta ajiye tambulan a gaban Kaka. Ya zuba masa ido, raɓa tana gangarowa a jikinsa tana taruwa cikin lotse-lotsen. Luzia ta tabbata zai ɗaga hannu ya ce ya ƙoshi, kuma ta san in ya faɗa a gaban mutanen nan, shi ke nan, agwagwa ce har ƙarshen ransa.

Ya ɗauka da hannu biyu. Ya sha, ya tsaya, ya juya ta a baki, ya sake sha. Kaɗan ta silalo ta gefen hagu ta sauka kan farar rigar.

"Ka bar ta ta daɗe a ganga," ya ce wa Egon.

"Ji butulu!"

"Amma tawa ce. Ko a duhu na san ta."

Sai ya zaro hankicinsa. Luzia ta ɗauka bakinsa zai goge. Bakin tambulan ya kama, ya zagaye shi da hankicin, ya sake zagayewa, a tsanake, daidai yadda ta yi ranar nan. Ya ɗaga shi a rana ya duba ko ya fita. Ba da gatse ya yi ba, da ta fi so a ce gatse ne. Yi ya yi kamar yaron da aka koya wa ladabi ya riƙe.

"Ungo, Luzia."

Ta karɓa ta sha, ba ta ji ɗanɗanon komai ba. Ta miƙa wa Gwaggo, sai kukan da ta yi makonni tana dannewa ya ƙwace mata. Ba irin kukan littafi ba ne mai hawaye ɗaya a kumatu. Kuka ne da shessheƙa da majina, a gaban maƙwabta, a ranar bikin mutum.

"Baba, ba ta hankicin mana," in ji Gwaggo, "kafin majina ta shiga cuku."

Ya miƙa mata. Ta binne fuskarta a ciki, yana warin sabulu da giya da aljihunsa. Ta fyace hanci da ƙarfi har wani yaro a ɗaya teburin ya tuntsire da dariya. Ta dunƙule hankicin a hannu ta ɗora kan cinya.

Tambulan ya bi ta wurin Gwaggo, ya bi ta maƙwabta, ya ƙare a hannun Egon, ya tashi yana mita ya sake haɗawa, ya dangwarar a gaban Kaka. Kaka ya sha. Ya laluba aljihu, babu. Ya dube ta.

"Ba ni abina."

"Ya jiƙe, Kaka."

"Ba ni haka nan."

"Duk majina ce."

Ya duba tebur, ba takarda. Ya fara jawo hannun rigarsa.

"Kai tsoho, miƙa mana!" in ji Egon. "Wanka za ka yi masa? Ƙishirwa za ta kashe mutane kana nan kana kwalliya."

Kaka ya tsaya da hannun riga a tsakanin yatsu. Luzia ta miƙa hannu biyu ta kama tambulan, bai saki ba, ita ma ba ta saki ba. Tana jin rawar hannunsa ta cikin gilashin. A hankali yatsunsa suka buɗe.

Gefe ɗaya ya jiƙe, kamar ranar nan. Ta juya tambulan har wurin ya zo daidai bakinta. Ƙyamar nan ba ta tafi ko'ina ba, tana nan inda take, wannan ma ya ƙara mata kunya. Ta ɗora leɓenta a wurin ta sha. Yanzu kam ta ji ta, sanyi da tsami mai kama haƙori, da ɗan ƙamshin tuffa ɗanye. Ta ci gaba da sha don ba ta san yadda za ta sauke ta haɗa ido da shi ba.

"Ke, a hankali, Farfesa," in ji Kaka. "Ba madara ba ce. Rage wa mutane."

Ta sauke, ta miƙa wa Gwaggo ba ta ɗago ba. Kunnuwanta na ci da wuta. Ta san akwai wasu hankitan irin wannan a aljihun teburinsa, a goge, a ninke, kuma gobe ma za a zauna cin abinci. Ta ƙara damƙe na hannunta. Egon ya koma kan labarin rinar da ta harbe shi a harshe, daga daidai inda ya tsaya.